Madubin Goggo Lantana Ya Kama Sunanta

Madubin da ke bangon ɗakin Goggo Lantana shi ne kasuwarta, shi ne asibitinta. Ta cikinsa take cefane, ta ga likita, kuma da muryar marigayi mijinta, Malam Tanko, yake yi mata magana. Kullum da safe sai madubin ya nemi a sabunta manhajarsa, ita kuwa ta ce gobe.

Asabe, 'yar ƙanenta, ta kawo mata koko. "Goggo, madubin nan kamar katangar ƙasa yake. Kullum ɓarayi na laluben tsaga, sabuntawar ita ce yaɓe."

"Duk sanda aka sabunta sai ya sauya wa kasuwa wuri. Na gaji da nema," in ji Goggo.

Suna cikin shan koko sai muryar Malam ta ce, "Lantana, tuna mini kalmar sirrin gidan nan."

Goggo ta ajiye ludayi. "Lantana? Mutumin da muka tsufa tare bai taɓa kama sunana ba. Uwar Bala yake cewa. Kai wane ne, marar kunya? Asabe, danna maɓallin sabuntawar nan!"

Madubin ya yi duhu, can ya dawo. Kasuwa ta koma hagun madubin.

"Uwar Bala, an tashi lafiya?" in ji muryar Malam.

"Yauwa, lafiya lau," in ji Goggo, ta ɗauki ludayinta tana murmushi. "Asabe, gobe ma ki danna tun da sassafe. Ɓarawon nan ya ji abin da na faɗa."