Rigar da Malama Ta Ba da Ɗinki

Karo na uku ke nan da tela ya zagaya tef a ƙugun Malama, kuma karo na uku awon ya ragu.

"Malama, zumuɗin aure ne yake cinye ki haka?" in ji shi yana dariya. "In aka ci gaba a haka, yadin da zai rage ya isa rigar ƙanwarki."

Ta yi murmushi, ta gyara ɗankwalin da ta ja har bisa gira, sannan ta nemi benci ta zauna tana mai da numfashi.

A layin nan kaf ba a kiran telan da sunansa. Gobe-da-safe ake ce masa, don ba ya da wata amsa in an zo karɓar ɗinki. Hannunsa na da kyau, alƙawarinsa ne babu. Wata biyu da suka wuce Malama ta shigo shagonsa da farin yadi a leda da Littafi Mai Tsarki a hammata. Bai taɓa ganinta ba. Ta ce yara take koyarwa a makarantar Lahadi, shekara ashirin ke nan. Riga take so doguwa har idon sawu, mai dogon hannu, ba ado ko ɗaya. Ta ce kada a sa zif. A bar bayan a buɗe, a sa igiyoyi, don kada masu sa mata su sha wahala.

"Farar riga haka, ai sai amarya. Yaushe ne ranar?"

"Bai faɗa ba. Cewa ya yi kawai in zauna a shirye."

"Wane irin ango ne wannan, ba rana ba wata?"

"Irin wanda ba ya saɓa alƙawari," ta ce, tana kallonsa ta gefen ido. Tela ya sosa ƙeya, maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ya fashe da dariya.

Tun daga nan duk Alhamis take zuwa. Yana taka keke, tana ba shi labari. Ta rabar da littattafanta ga yaran ajinta. Ta je har gidan wata ƙawarta da suka yi shekara tara ba sa magana, ta durƙusa ta nemi gafara, ko da yake ba ita ce da laifi ba. Ta ce ba ta so angon ya zo ya same ta da kowa a zuciya. Tela ya ce lallai wannan ango ya yi sa'a. A ransa kuwa tausayinta yake ji: mace ta haura arba'in, wani yana ja mata rai.

Ran nan da ta tashi tafiya sai da ta dafa ƙofa.

"Ɗan'uwa, don Allah ka gama mini ita. Ni na gama nawa shirin, rigar nan kaɗai ta rage."

"Gobe da safe, Malama."

Ta yi 'yar dariya. "Kai ma ka riƙa zama da shiri. Ba kowace gobe ce ake ba mutum ba."

Da ta fita ya rataye rigar a ƙusa, ba hannu, ba kalmasa, ya jawo wandunan 'yan makaranta. Alhamis ta zo, Malama ba ta zo ba. Wata Alhamis ɗin ma haka. Ya ce a ransa ƙila angon ya fasa, ya ji daɗi ma da bai ɓata lokacinsa ba.

Ran Talata da hantsi wata mata ta tsaya a bakin shagon, idanunta sun yi ja. Kamarsu ɗaya da Malama.

"Rigar Yaya na zo karɓa. Yau ake bukatarta, kafin ƙarfe huɗu."

Ya roƙe ta ta ba shi awa biyu. Ba ta yi masa faɗa ba, ta kwatanta masa gidan ta juya. Ya ture wandunan ƙasa. Allura ta karye, ya sauya. Ta soke shi a yatsa, ya naɗe da ƙyalle don kada jini ya taɓa farin yadin. Bai taɓa ɗinki da sauri haka ba, bai kuma taɓa yin mai kyau haka ba. Ya goge rigar, ya naɗe, ya tari babur.

Tun daga kan kwana ya hango rumfa da kujeru. Mata suna rera waƙar yabo a hankali, yara sun jeru a gefe cikin fararen kaya, fasto yana tsaye a bakin ƙofa. Tela ya yi ajiyar zuciya, ya share gumi. Bai makara ba.

Aka nuna masa mahaifiyar Malama, wata tsohuwa a zaune kan tabarma a falo. Ya durƙusa ya miƙa rigar da fara'arsa.

"Mama, ga rigar amarya. Ashe dai angon ya iso?"

Tsohuwar ta warware rigar a cinyarta, ta shafa ɗinkin hannun, hawaye na ɗiga a kan yadin.

"Ya iso, ɗana, jiya da yamma," ta ce. "Tun ranar da likita ya ce mata babu sauran magani take cewa Yesu ne angon da take jira, kuma a cikin rigar nan ta ce mu binne ta."