Zarton Jakada

Kaf Tarabulus ba wanda ya riga wannan tsohon masassaƙin ganin yaƙin Amurka, don shi aka aika ya fara shi. A al'adarmu, sare sandar tutar jakada shi ne shelar yaƙi. Sarki ya ce ko sandar ta faɗi kafin azahar, ko kan masassaƙin ya faɗi.

Yana cikin sara, ƙotar gatari ta karye.

Jakadan Amurka ya leƙo daga bene. "Masassaƙi, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, yaƙi na kawo maka, gatari ya ci amanata."

Bawan Allah ya dubi rana, ya dubi wuyan masassaƙi, ya miƙo masa zarto.

Zarton yana nan rataye, don ba a mayar wa abokin gaba aro. Mai musu ya zo ya shafa haƙoransa.