Tasalla da Ƙwaryar Dusa

Tunda ga mu a ƙarshen shekara, kowane malami na juya abin da ya shuka da abin da ya girba, bari in ba ku misalin wata abokiyar aikinku mai koyar da yara masu buƙata ta musamman. Malama Hansatu ake ce mata, mace mai tausayi, har tausayin ya yi mata yawa. A ajinta akwai wata yarinya, Tasalla, mai kimanin shekara goma sha uku, wadda take ji sarai amma ba ta magana. Malama ce ke zaɓa mata wurin zama, ita ke zaɓa mata kofin kunu, ita ke ɗaura mata ɗankwali. Da aka zo rabon sana'a ma ita ta zaɓa mata saƙar hular jarirai, wai aikin zaune ne, ba wuta ba wuƙa. Shekara ta yi ta tafiya, hula ko rabi ba ta kai ba. Da Malama ta juya baya sai Tasalla ta yar da zaren ta sulale bayan kicin, inda ruwan famfo ke kwanciya, agwagin maigadi na ta facaka a taɓo. Malama ta bi ta, ta janyo ta, ta wanke mata ƙafa tana sababi, gobe kuma a sake.

Mahaifin Tasalla mai faskare ne, shi ke goyo ta a keke kullum daga bayan gari. Ana saura kwanaki a rufe makaranta ya tsaya a bakin aji ya ce, "Malama, Allah Ya saka da alheri, amma bayan hutu ba za ta dawo ba. Shekara guda, ko hula ɗaya babu." Malama ta san abin da zaman gida ke nufi ga Tasalla: uwa na wurin aikatau, uba na wurin itace, ita kuwa a ɗaki, an ja ƙofa. Ta zauna tana tuna shekarar daga farkonta. Babu abin da ba ta yi wa yarinyar nan ba, sai abu ɗaya: ba ta taɓa tambayarta abin da take so ba. Don ba ta magana, kowa ya ɗauka ba ta da ra'ayi, har da mai ƙaunarta.

Ranar rufe makaranta iyaye suka taru a gindin darbejiya, ana nuna aikin yara. Da aka zo kan Tasalla, Malama ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ƙullin zare, ta ajiye kwanon haɗa sabulu, sannan, zuciyarta na ƙi, ta ajiye ƙwaryar dusa da ta aro wurin maigadi. A ranta addu'a take yi kada yarinyar ta ɗauki wannan, don ita a duniya ba abin da ta tsana kamar ƙazantar agwagwa. Ta ce, "Tasalla, ɗauki wanda kike so." Sai ta zauna a kan hannuwanta, don ta san halinsu na saurin zaɓa wa yarinyar. Tasalla ba ta ko dubi tabarmar ba, fuskar Malama take kallo, tana jiran a nuna mata kamar kullum. Wannan kallon ya fi komai yi wa Malama ciwo. Ta daure ta kawar da kai. Mata suka fara ƙus-ƙus, uban ya fara satar kallon kekensa. Can sai Tasalla ta miƙa hannu a hankali, ta tsallake zaren, ta tsallake kwanon, ta rungumi ƙwaryar.

Ta miƙe tsaye ta yi wani ɗan sauti da harshenta, wanda ba wanda ya taɓa jin ta yi. Kafin ka ce kwabo ga agwagi daga bayan kicin, a jere, manya a gaba 'ya'ya a baya, suna rangaji. Suka ratsa tsakiyar taro ba ko sallama, har ɗaya ta bar wa babban baƙo tsaraba a kan takalmi. Tsohon toron agwagwar da ke korar kowa, har shugaban makaranta, shi ne ya zo yana ci a tafin hannunta. Tasalla ta tare manyan da ƙafa, ta ware wa ƙananan nasu a gefe sai da suka ƙoshi. Ashe duk guduwar nan aiki take zuwa. Da wani ɗan ƙarami ya faɗa cikin ƙwaryar ya fito buɗu-buɗu, sai ta tuntsire da dariya, da ƙarfi, har taro ya kama. Malama tana dariya tana hawaye, ta ma manta ta sauka daga kan hannuwanta.

Maigadi ya ba Tasalla 'ya'yan agwagwa biyu a kwando ta yi hutu da su. Uban ya ɗaure kwandon a bayan keke, ya duba igiyar, ya sake dubawa, ba don ta kwance ba, sai don kada a ga idonsa. Ya riga ya ɗora ƙafa a feda sannan ya waiwayo ya ce, "Malama, wace rana ce ma za a dawo daga hutu?"

To kun ji. Kafin ku shirya wa yaro shekara mai zuwa, ku shimfiɗa masa tabarma, ku zauna a kan hannuwanku. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.