Ajin Rabi-da-Rabi

Ajin Turanci iri biyu ne yanzu a makarantarmu. A na gaggawa, ana liƙa wa yaro ƙwaya a bayan kunne, ta kulle masa Hausa shekara guda. A na rabi-da-rabi, malami ke koyarwa da harshe biyu.

Bara na nace sai na gaggawa, Malama Dije ta ja ni gefe: "Baban Kubra, don Allah kada ka sa ta."

Na ji maganarta. Yau ni da Kubra muka kai mata zabi biyu na godiya.

A ƙofa muka tarar da maƙwabciyarmu Talatu da 'yarta, wadda aka cire wa ƙwayar tun wata uku da suka wuce.

"Kin ci abinci?" Talatu ta tambayi 'yarta.

Yarinyar ta yi murmushi, ta juyo tana jiran Kubra ta fassara mata.