Muryar Tasya

Tun da aka ɗauki Tasya a ajin adabi da wasan kwaikwayo na yara da ke unguwarsu a birnin Kostroma, uwarta Rimma Gennadiyevna ba ta da wata hira sai wannan. Abokan aikinta a gidan burodi sun ji labarin har sun haddace shi. Kowa ya san Tasya ta karanta waƙa da ka ranar tantancewa, kuma ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba.

Ranar rajista malamar ajin, Albina Lvovna, ta tara iyaye ta faɗa musu dokoki. Kowane yaro ya zo da takalmin sawa a ciki, kuma ba a yarda uwa ko uba su leƙa ɗakin gwaji ba. Sai ta cire tabarau ta ce, "Akwai wadda ba na ɗaga ƙafa a kanta. Yaron da ke zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya zauna a gida, a kai shi wurin likita. Kowane matsayi yara biyu ke koyonsa, wasa ba zai tsaya don mutum ɗaya ba."

Rimma ta gyaɗa kai kamar sauran iyaye. Amma abin da kunnenta ya ɗauka daban ne: ashe akwai wata yarinya a gefe tana jiran 'yarta ta kasa.

Da aka zo wasan Sabuwar Shekara, Tasya aka ba matsayin mai ba da labari, wanda ya fi kowanne yawan magana. Mai jiran gadonta wata ce Ulyana, yarinya shiru-shiru wadda ba ta tare wa kowa komai ba. Duk da haka Rimma ta ɗora mata karan tsana.

Ana saura 'yan kwanaki, Tasya ta tashi da jiki zafi rau.

"Mama, ko yawu na haɗiya sai in ji kamar ana yanka ni."

Rimma ta taɓa goshinta. Ta san dokar sarai, ba mantawa ta yi ba. Ta shiga kicin ta kaɗa ɗanyen ƙwai da sukari, irin wanda kakanni ke cewa yana gyara muryar mawaƙa. Ta ba ta maganin sauke zazzaɓi, ta naɗa mata gyalen ulu a wuya.

"Sha, Tasya 'yar lelena. In malama ta tambaya, ki ce gyalen na ado ne."

"To ai ta ce mara lafiya ya zauna a gida."

"Ki zauna Ulyana ta ci moriyar wahalar da kika sha tun kaka? Ina raye? Shanye, kar ki bar ko ɗigo."

A bakin ƙofa Albina Lvovna ta tare su bayan gwaji. "Rimma Gennadiyevna, muryar nan ba ta yi mini ba."

"Haba, Albina Lvovna! Askirim ta sha a titi cikin ƙanƙarar nan, kin san halin yaran yanzu. Lafiyarta ƙalau."

Malama ta dubi Tasya, Tasya ta dubi takalminta. Aka bar maganar a nan.

Ranar wasa yarinyar ta yi abin a yaba. Zauren ya ɗauki tafi, Rimma ta miƙa mata furanni daga layin gaba tana hawayen daɗi. Bayan mako guda ciwon maƙogwaro ya tafi da kansa, sai ƙwai da sukari ya zama sabon abin alfahari a gidan burodi. Ulyana ta kamu da irin ciwon bayan hutu, uwarta ta kai ta asibiti, ta kwanta a gida tana shan magani. Da Rimma ta ji, cewa ta yi wasu iyayen dai akwai su da ragwanta.

Wata bai cika ba gwiwoyin Tasya suka kumbura. Ta fara tsayawa a tsakiyar matattakalar bene tana haki. Da aka kai ta asibiti, likita ta daɗe tana sauraron ƙirjinta, sannan ta tambaya ko yarinyar ta yi ciwon maƙogwaro kwanan baya.

"Ta yi, amma ya warke."

"Da wane magani?"

Rimma ta kasa cewa ƙwai.

Likita ta ce, "Bai warke ba, sauka ya yi. Ciwon ya taɓa zuciya. Da kun zo tun farko, maganin 'yan kwanaki ne ya ishe ta. Yanzu sai allura wata bayan wata, shekara da shekaru. Batun gudu da tsalle da ɗaga murya a dandamali kuwa, ku ajiye shi."

Da bazara ta shigo aka shirya sabon wasa, Tasya ta nace sai ta je kallo. Zauren a saman bene yake, don haka Rimma ta goya ta har sama, yarinya 'yar shekara goma. Albina Lvovna ba ta yi mata gori ba. Kujera biyu ta nuna musu, ta wuce.

Ulyana ta fito ta fara ba da labari da murya garau. Rimma ta waiga ta ga leɓɓan 'yarta suna motsi, tana bin maganar kalma bayan kalma, ba sauti. Rimma ta so a ce malama ta zage ta a gaban jama'a, da ya fi mata sauƙi.

Tasya ta matso kusa da kunnenta ta ce, "Mama, da na zauna a gida wancan karon, da yau ni ce a can, ko?"

Iyaye, dokar da aka kafa don lafiyar yaro ba don a hana shi ci gaba aka kafa ta ba. Wasan da ya wuce ɗanku wani zai zo, amma kada son a tafa muku ya sa ku ɓoye ciwonsa.