Ɓangaren "Aikin Kaina"

Ramlatu ta raba shafin intanet ɗin gida biyu, kamar yadda ake raba gonar gado. A hagu ta rubuta "Aikin Mutane", a dama ta rubuta "Aikin Kaina". Ranar Alhamis wani kamfani a Abuja zai duba shafukan masu neman aiki, kuma mutum ɗaya tak zai ɗauka. Sun faɗa a fili cewa ba aikin kwastoma suke son gani ba, abin da mutum ya ƙirƙira don kansa suke nema.

Hagu bai ba ta wahala ba. Shafin wani mai sayar da taki a Kano, na wata makarantar kuɗi, da katin gayyatar biki. Ta jera su ba ta ko sake kallonsu ba.

Dama ce ta tsayar da ita. Ga manhajar 'yan acaɓan Rurum, wadda manomi zai danna ya san wa zai tafi kasuwar Rano da safe. Wata uku ta yi tana bin tasharsu kafin su yarda su ba ta lambobinsu. Ga taswirar rijiyoyin Unguwar Gai, da ta zaga ɗaya bayan ɗaya har takalminta ya tsinke. Ga waƙoƙin daka na tsofaffin Lausu, waɗanda biyu daga cikinsu sun rasu bayan ta naɗi muryarsu. Duk a kwamfutar aro ta yi su, ta kuma ɗora su da imel ɗin mai kwamfutar, don a lokacin wa ya damu? Ta manta kayan aro ba ya rufe katara.

Yayanta Mukhtar ya leƙo daga bakin ƙofa, yana sakace.

"Ramla, na Rurum ɗin nan ki sa shi a sama. Shi zai fi jan hankalinsu."

"To, Yaya."

"Allah ya yi miki albarka. Baba ma ya ji daɗin yadda kika fahimta."

Fahimta! Amma ta mayar da na Rurum sama. Ta gyara launi, ta rubuta bayanin kowane aiki da kyau, don ko ba komai ba za ta bari a ga 'ya'yanta cikin datti ba. Shafin ya fito tsaf, duk wanda ya gani sai ya so ya san mai shi.

Gurbi ɗaya ya rage a can sama, na suna da hoto. Ta tuna maganar Baba ta ranar Juma'a, cewa mai iyali ya fi buƙata, kuma tuwona maina, duk gida ɗaya ne.

Sai ta ɗora hoton, ta rubuta sunan mai kwamfutar a saman "Aikin Kaina": Mukhtar Ishiyaku Rano, wanda ko hanyar Lausu bai sani ba.