Saura Wata Goma Sha Huɗu

Malamin lissafi ya ajiye 'yar robar a kan tebur, amma bai tashi ba. Shekara biyu ke nan yana kawo samfurin bahaya duk wata, tun da ya warke daga taifot ya shiga binciken Dakta kan ƙananan halittun da ke cikin hanji.

"Dakta, babu macen da ta san cikina kamar ke," ya ce. "Ina so in turo kawuna gidanku."

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta cire safar hannu a hankali.

"Malam, dokar aiki ta hana ni soyayya da wanda nake bincike a kansa. Sai dai in ka fita."

"To na fita."

"In ka fita saboda ni, ba za a yarda da duk abin da ka kawo ba. Ku tara ne kaɗai kuka dage tun farko. In kuka koma takwas, aikin ya rushe."

Ya dubi firizar da samfuransa ke ciki. Ita kuwa hannunsa take duba, da ragowar alli a babban yatsa.

"Saura yaushe a gama?"

"Wata goma sha huɗu."

"Waya fa?"

"Ko waya babu."

Ya kai bakin ƙofa, ya juyo. "Amma ba ki ce a'a ba."

Ta sunkuyar da kai. "Ban ce ba. Don Allah, Malam, ka riƙa tafasa ruwan shanka."